SHARHI: Abin da ƙaurar Rasha zuwa Asiya ta sauya a fagen darar ces

A ranar 28 ga Fabrairun 2023, babban taron Tarayyar Ƙungiyoyin Ces ta Asiya ya zauna a Abu Dhabi, ya amince da karɓar ƙungiyar Rasha da ƙuri'u 29. Daga 1 ga Mayu na shekarar, ƙasar da ta haifi Anatoly Karpov da Vladimir Kramnik ta daina zama mamba a Tarayyar Turai ta wasan.

Tushen ƙaurar shi ne yaƙin Yukiren. Bayan mamayar Fabrairun 2022, Tarayyar Turai ta dakatar da Rasha da Belarus. Hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta hana tawagoginsu shiga gasanni, ta kuma ɗauke gasar Olimfiyad ta shekarar daga Mosko, aka yi ta a Chennai ta Indiya. Da ƙofar yamma ta rufe, sai mahukuntan Mosko suka tuna cewa mafi yawan faɗin ƙasarsu a Asiya yake.

Irin wannan ba sabon abu ba ne a wasanni. A ƙwallon ƙafa, Kazakistan ta bar Asiya zuwa Turai a 2002, Ostireliya ta shiga Asiya a 2006. Hukumar ƙwallon Rasha ma ta auna yin hakan a ƙarshen 2022, sannan ta fasa. Masu ces suka yi abin da masu ƙwallo suka kasa.

Sai dai ribar ba ta kai yadda aka yi zato ba. Takunkumin FIDE ya bi Rasha har sabon gidanta, domin hukumar duniya ce ta ƙaƙaba shi, kuma babban taronta na Budapest a Satumbar 2024 bai ɗage shi ba. Ta wani ɓangaren ma dara ta ci gida: a 2023 Alexandra Kosteniuk, tsohuwar gwarzuwar duniya, ta koma Suwizalan, Vladimir Fedoseev ya koma Sulobeniya, Alexey Sarana kuwa Sabiya, bayan ya lashe gasar Turai ta shekarar ƙarƙashin tutar FIDE. Ƙasar ta yi renon gwanaye, wasu suka gaje su.

Asiya kuma ba dausayi ba ce. Ding Liren na Sin ya doke Ian Nepomniachtchi na Rasha a Astana a 2023, ya ɗauki kambun duniya. A 2024 Indiya ta kwashe zinaren maza da na mata a Olimfiyad, Gukesh Dommaraju ya karɓe kambun yana da shekara 18. Matashin Barashe da ke neman gurbin Gasar Kofin Duniya ta hanyar nahiya, da waɗannan ƙasashe zai yi ta gwabzawa.

Inda ƙaurar ta fi tasiri shi ne siyasar hukumar. Arkady Dvorkovich, tsohon mataimakin firaministan Rasha, ya ci zaɓen shugabancin FIDE a 2018, ya sake ci a 2022 ana tsakiyar yaƙi. A wannan zaure kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita, ta Najeriya ko Ghana daidai take da ta Amurka. Saboda haka makomar takunkumin ta kasance a hannun wakilan Asiya da Afirka fiye da na Turai. Ya kamata 'yan wasan Afirka su san wanda wakilansu ke zaɓa da sunansu, da kuma abin da ake ba su a madadin ƙuri'ar.