WAIWAYE ADON TAFIYA: Turawan Kuza A Ƙasar Jos

A zamanin nan na intanet jama'a suna mamakin mutumin da zai zauna a ƙasar da ba tasa ba, yana yi wa wani kamfani na bangon duniya aiki, albashinsa yana zuwa daga can. To, mutanen Jos dai sun daɗe da sanin irin wannan baƙo, kuma labarin zamansa da su abin lura ne.

A cikin 1903 ne Kamfanin Neja ya aiko da wani injiniya mai suna H. W. Laws, domin ya bi sawun kuzar nan da mutanen Liruwe suka daɗe suna narkarwa suna kaiwa kasuwannin ƙasar Hausa. Ba a yi shekara goma ba sai ga Turawa sun bazu a kan duwatsun, kowa ya kafa barikinsa, daga Naraguta har Bukuru. Baturen kuza na wancan lokaci yakan zauna ne cikin ɗakin ciyawa a tsakiyar dawa, wajen ƙafa 4,000 bisa teku, inda sanyin hunturu yake ratsa ƙashi. Iyayen gidansa suna Landan, umarni sai ta wayar tangaraho, wasiƙar iyali kuwa sai ta yi makonni a hanya. Ita kanta kuzar a ka 'yan alaro suke ɗaukarta har Loko, bakin kogin Binuwai, kafin ƙaramin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban kuma ya iso daga Fatakwal a 1927.

Akan ce wai Baturen nan shi kaɗai yake zaune. Amma fa wannan maganar fatar baki ce. Kuku ne yake dafa masa abinci, boyi ya yi masa wanki, tafinta ya zama bakinsa da kunnensa, ga kuma dubban leburori daga Kano da Zazzau da Bauci da Barno waɗanda suke cikin rami da diga da shebur tun asuba. Ba don su ba, da ko kwana bakwai bai yi ba. Gonakin da aka tona kuwa na Birom ne da maƙwabtansu. A tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta matsu da kuza saboda yaƙi, sai aka shiga kwaso talakawa daga lardunan Arewa da ƙarfin hukuma, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su a can.

Da kasuwar kuza ta ja da baya, har ta rushe a duniya a 1985, sai baƙin suka naɗe tabarmarsu. Abin da akasarinsu suka bari shi ne manya-manyan kududdufai da tsibin ƙasa, waɗanda har yanzu suke cin mutane da dabbobi, suna kuma hana manomi gonar gadonsa.

Duk da haka ba a taru an zama ɗaya ba. Wutar lantarkin da kamfanin NESCO ya jawo daga gangaren ruwan Kurra domin ma'adinai ta yi wa gari amfani shekaru da yawa. Haka kuma Bernard Fagg, wani jami'in mulki, da aka nuna masa wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wajen haƙar kuza, bai ɗauke shi abin wasa ba. Ya bi diddigi har duniya ta san al'adar Nok, ya kuma kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙon yau da ya zo da kwamfuta maimakon diga, yana sha'awar sanyin Jos da arhar kayan lambunta, ba zai tona rami ba, gaskiya ne. Amma ruwan garin yake sha, hanyarsa yake bi, mutanensa kuma suke yi masa hidima. Saboda haka ya kamata hukuma ta san da zamansa, ya biya abin da yake kansa, ya kuma koya wa samarin unguwarsu sana'ar da take ciyar da shi. Ranar da ya tashi, abin da ya bari a baya shi ne za a riƙa tuna shi da shi.