Rumbu goma, umarni ɗaya

Manhajar da ke cikin na'urar mai POS a kasuwar Jega ba dunƙulallen abu guda ba ce. Ɓangaren da ke nuna adadi daban, wanda ke magana da banki daban, mai aika saƙon shaida shi ma daban, kuma galibi kowanne yana ajiye a rumbunsa na Git, tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. In aka sabunta ɗaya aka mance ɗaya, kuɗin ɗan kasuwa ne ke maƙalewa a hanya.

Irin wannan mantuwa ta taɓa durƙusar da babban kamfani. Ranar 1 ga Agusta, 2012, Knight Capital, mai hada-hadar hannun jari a Amurka, ya tafka asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. An ɗora sabuwar manhaja a kan sabar bakwai, ta takwas kuwa an tsallake ta.

Shi ya sa ya dace ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, su daina yi wa baƙin allon rubuta umarni kallon kayan tsofaffi. Google ya samar da wata manhaja mai suna repo domin Android, wanda ke warwatse a ɗaruruwan rumbuna. Ƙashin bayanta fayil guda ne, manifes, sunan da duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ya sani: jerin waɗanda ke cikin tafiya. A nan ake rubuta kowane rumbu, inda yake, da sigar da ake so. Da an buga repo sync, sai duk su zo daidai da jerin. Shi kansa manifes ɗin a Git yake zaune, don haka ana iya komawa ga yadda komai yake makon jiya. Danna maɓallai da hannu ba ya barin irin wannan sawu. Da ma'aikacin ya bar aiki, ilimin ya bi shi.

Akwai haɗari, ba shakka. Umarnin repo forall yana aiwatar da abu guda a duk rumbunan lokaci ɗaya, har da kuskure. Sai dai kuskuren da aka rubuta a fayil, abokin aiki na iya karanta shi kafin a tura. Kuma rubutu zalla ba ya cin data sosai, abin da mai gyaran sabar daga Maiyama, a ranar da intanet ke jan ƙafa, zai fi kowa sanin darajarsa.