Allon da ba ya jiran a ce masa ya fara

Duk wanda ya koyi haɗa na'urori da Arduino ya san zaman jira: ka rubuta umarninka, kwamfuta ta juya shi zuwa harshen inji, ta tura cikin allon, sannan ya tashi ya kama aiki daga farko. Akwai wasu alluna da ba ruwansu da wannan jira, domin mai fassarar yana zaune a cikinsu. Espruino na Gordon Williams yana jin JavaScript, MicroPython na Damien George kuma yana jin Python. Dukansu biyu sun nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2013.

A Espruino, idan ka tura umarni zuwa RAM, allon yana aiwatar da shi yana cikin shigowa. Layin da ya ce a kunna fitila, to fitilar ta kama tun sauran layukan suna hanya. CircuitPython na kamfanin Adafruit ya ma fi rawar kai. Allon yana bayyana a kwamfuta kamar filashi mai suna CIRCUITPY, kana adana fayil ɗin code.py, ya sake tashi da sabon umarni.

Ni dai ina tare da masu koyar da yara da irin waɗannan alluna. Ɗaya daga cikinsu, Raspberry Pi Pico, ya fito a 2021 a kan dala 4 kacal, kuma yaron da ya sauya lamba ɗaya ya ga fitila ta ƙara saurin ƙiftawa a gaban idonsa ba zai sake kallon darasin a matsayin hadda ba.

Sai dai malamai da yawa suna tsallake abu guda. A irin waɗannan alluna, turawa ita ce ba da umarni. Fitila ba ta cutar da kowa, amma a haɗa allon da inji mai juyawa ko makunnin injin burtsatse, sai hannu ya danna adanawa umarnin bai kammala ba, ka ga inji ya tashi yatsun yaro na kusa da shi. Shi ya sa a cire wa inji wuta tukuna, a gwada da fitila.

Ɗaya matsalar ta fi shafar mu, mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama. Idan ka kira save() a Espruino, halin da allon yake ciki ne ake ajiyewa, ba a sake bin layukan da suka riga suka gudana. Wuta ta dawo, allon ya farka yana ɗauka komai na nan yadda ya bari, alhali ƙaramin sikirin da aka haɗa masa ya manta saitinsa. Maganin shi ne a sa umarnin tayar da sikirin cikin onInit(). A MicroPython ma haka: abin da ka gudanar da maɓallin Run na manhajar Thonny bai zauna a allon ba. Idan wuta ta zo, boot.py da main.py kaɗai yake nema.

Daga nan ne ake samun ɗalibin da aikinsa ke tafiya lafiya lau a jikin laftof, ranar baje koli kuwa ya tsaya yana rantsuwa cewa jiya ya yi. Gaskiya ya faɗa. Kafin malami ya ba da maki, ya zare wayar USB, ya ɗora allon a kan batir, ya kashe ya kunna, ya gani ko zai tashi da kansa.