Firam ɗin kabon mai araha: awo kafin biya

Jama'a, wanda firam ɗin kekensa na hawan duwatsu ya tsage, yake harin na kabon mai araha daga Sin, ya ajiye zancen rashin nauyi tukuna, ya ɗauko ma'auni. Gurbin ƙafar baya a yawancin sababbin firam milimita 148 ne, wato Boost. In tsohuwar ƙafarka 142 ce, sai ciko ko sabuwa, araha ta gudu ke nan. Ni dai gidan feda mai zare nake zaɓa, don na dannawa yakan yi ƙara kamar ƙyauren langa-langa. Kabon kuma ba ya lanƙwasa ya gargaɗe ka, ta ciki yake tsagewa, mai walda ba shi da ta yi. Ku karɓi garanti a rubuce, kada kuma yaron shago ya ɗaure kusoshin da ƙarfin tuwo.