A auna yaro, a tambayi uwa

Ranar awo, malamin asibiti yana ɗora yaro bisa sikeli, ya auna damtsensa, ya rubuta. In tamowa ce, a ba da abincin magani. Uwar kuwa ba mai tambayar ta komi.

Alhali wata tun da ta haihu ba ta barci, ba ta son abinci, kuka take yi a ɓoye. Wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Uwar da ke fama da shi takan kasa kula da yaro, sai ya sake ramewa bayan sallama.

A ganina gyaran ba ya son kuɗi da yawa. Ungozoma ta san uwa tun goyon ciki: ta gaya ma mai awo abin da ta gani. Mai awo ya tambaya, ya saurara. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da takarda. Tun 2008 hukumar OMS ta fito da tsarin koya ma malaman ƙananan asibitoci wannan aiki, don likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne.

Miji ma a kira shi, shi ke ba da kuɗin mota.