Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi daɗi a bakin mahukuntan Legas kamar maganar kare muhalli. Kusan kowane wata sai an yi taro a wani babban otal na Victoria Island ko Ikeja, a sha kwat, a sha shayi, a yi ta lacca a kan yadda za a mai da shara dukiya, a daina zubar da abin da za a iya sake amfani da shi. Ana tashi daga taro sai a kwashe gorunan ruwan da manyan baƙi suka sha a watsa a shara, kuma kowa ya san hannun da zai tsince su kafin gari ya waye. Hannun ɗan bola ne. Shi ne ba a gayyata ba, kuma shi ne idan tsautsayi ya sa ya turo kurarsa ta gaban otal ɗin za a cafke shi, a jefa kurar a bayan mota, a ce ya ƙazantar da gari. Masu iya magana suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Legas karin maganar nan ya faɗa daidai har wajen suna, don kuwa kurar ce ake farfasawa.

Hukumar kwashe shara ta jihar, wato LAWMA, ita da kanta ta sha faɗin cewa Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana. To wa ke rage wannan tsauni? Duk wanda ya taɓa bi ta Ojota ya ga jujin Olusosun, ko ya je Igando ya ga na Solous, ya san amsa. Mutane ne tsaye a cikin wari da hayaƙi tun asuba, da ƙugiya a hannu da buhu a baya, suna ware roba gefe, gwangwani gefe, kwali gefe, ƙarfe gefe. Wasu kuma ba sa jiran kaya ya isa juji, suna bin unguwa-unguwa suna sayen mataccen firji da tsohon janareto da ruɓaɓɓen kwano da kuɗinsu. Daga hannunsu kaya ya je wurin mai sikeli, daga mai sikeli ya je wurin dila, daga dila a loda a tirela zuwa masana'antun narkar da ƙarfe na Ikorodu da Ogijo. Rodin da ake zuba dakin da shi a manyan gine-ginen da ake tinƙaho da su, mai yawa daga cikinsa tsohon ƙarfe ne da ɗan bola ya tsinto. Masana kuma sun tabbatar cewa narkar da tsohon gwangwanin alminiyum na cin kimanin kashi 5 ne kacal cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Ashe abin da ake koyarwa a otal da Turanci, yaron nan mai yagaggen silifa shi ke aikata shi da hannunsa, ba albashi, ba fansho, ba ko safar hannu.

Kuma ba yau muka fara ba. Tun kafin a haifi masu laccar nan, manoman kewayen Kano suke shiga birni da jakuna suna sayen shara su kai gona ta zama taki. Mu ne masu yin fitilar a-ci-bal-bal da gwangwanin madara, mu yi guga da tsohon tif, mu yi takalmi da tayar mota, mu narke gwangwani mu zuba tukunya. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ya san abin da muke faɗi. Wannan tarbiyyar ce 'yan'uwanmu suka sauko da ita kurmi, kuma da ita da yawansu suke ciyar da iyali a nan da can gida. Ba mu ce mu kaɗai ne a sana'ar ba, akwai Yarabawa da Ibo a cikinta, musamman a sama inda kuɗin yake. Amma a ƙasa, inda ake tura kura ake shan rana, kowa ya san 'yan Arewa ne suka fi yawa. Saboda haka duk dokar da aka kafa wa kura, ko ba a ambaci sunan kowa ba, an san bayan da bulalar za ta sauka.

A watan Janairun 2018 gwamnatin jihar ta haramta tura kura da baro a titunan Legas. Lokacin ne ake cikin zumuɗin sabon shirin tsabtace gari na Gwamna Akinwunmi Ambode, wanda aka damƙa wa kamfanin Visionscape. Me ya biyo baya? Wanda yake garin nan a shekarar bai manta ba. Shara ta yi tsiri a tsakiyar manyan tituna da bakin kasuwanni, a watan Maris jujin Olusosun ya kama da wuta hayaƙi ya turnuƙe Ojota da kewaye, kafin shekara ta ƙare majalisar dokokin jihar ta ce a dawo da ƙananan 'yan kwangilar da aka ture. Shirin ya watse, amma haramcin kura bai tafi tare da shi ba. Har yanzu da shi ake farautar mutanenmu.

Hujjar gwamnati ita ce masu kura suna karɓar shara a gidaje su juye ta a kwata ko a tsakiyar titi da dare, ruwa ya toshe, ambaliya ta biyo. Akwai masu yin haka, ba mu musa ba. Amma tsakani da Allah, me ya sa matar gida a Agege ko Mushin ko Ajegunle take kiran mai kura alhali an ce akwai motar shara? Don motar ba ta zo ba ne, ko kuma lungun ba ya shiguwa da mota. Mai kura ya karɓi sharar, to ina aka tanadar masa ya kai? Babu. An hana shi hanya, an hana shi wurin juyewa, sannan a ce ya juye a inda bai dace ba. Da an ware wurare a unguwanni inda zai kai motar ta ɗauka daga nan, da rabin wannan rigima ta mutu. Abin da ya fi ciwo ma, jami'in da ya fito kame ba ya tsayawa ya bambance mai kwasar shara da mai sayen ƙarfe. Kura kura ce a wurinsa. Mutum ya saka jarinsa kaf ya sayi kaya da halaliyarsa, a kwashe kayan da kurar, ba rasit, ba takarda, ba ranar zuwa kotu.

Sai kuma maganar sata, wadda ita ce sandar da ake dukanmu da ita a rediyo da jaridu. An sace murfin lambatu, 'yan bola ne. An yanke wayar wuta, 'yan bola ne. Mu ba mu goyon bayan ɓarawo ko ɗan uban wane ne, kuma duk mai sikelin da ya sayi murfin lambatu ko wayar lantarki ya san ba daga juji suka fito ba, a kama shi. Amma murfin nan ba ya narkewa a cikin kura. Akwai dilan da ya saya, akwai tirelar da ta ɗauka, akwai masana'antar da ta auna ta jefa a wuta. Sau nawa aka ji an bi sawun kayan har can? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma wace sana'a ce a ƙasar nan babu ɓata-gari a cikinta? Ba mu taɓa jin an rufe bankuna duka don wani manaja ya ci amana ba.

Haka in maganar gurɓata muhalli ce ta gaskiya, a dubi Ogijo, can kan iyakar Legas da Ogun, inda rahotannin da suka fito a 2025 suka nuna gubar dalma daga masana'antun narkar da tsohon batir ta shiga ƙasa da jinin mutane, har da yara. Masu wannan ɓarna ba kura suke turawa ba.

Kada kowa ya ce mana ba a taɓa yin wata hanya ba. A birnin Pune na Indiya masu tsintar bola sun kafa ƙungiya a 1993, hukumar birnin ta amince da katin shaidarsu, a 2008 kuma ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta gama-kai mai suna SWaCH, suka riƙa bin gida-gida suna karɓar shara da izinin hukuma, masu gida na biyansu, abin da suka ware kuma nasu ne. A Burazil tun 2002 gwamnati ta sa tsintar bola a jerin sana'o'in da ta sani, dokar shara ta 2010 kuma ta ce a sa ƙungiyoyinsu a cikin tsarin, ga shi yau ƙasar na cikin na gaba-gaba a duniya wajen sake narkar da gwangwani. Hanya ta biyu kuwa ita ce ta Agbogbloshie a Ankara ta ƙasar Gana, inda a 2021 aka kai katafila aka baje kasuwar 'yan gwangwan, waɗanda akasarinsu 'yan arewacin ƙasar ne. Sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi ta shige cikin unguwanni inda babu mai sa mata ido.

Dalilin da ya sa muka ta da maganar yanzu shi ne gwamnatin Legas ta sanar da shirin rufe Olusosun da Solous, ta kuma yi yarjejeniya da kamfanin Zoomlion na Gana a kan sabon tsarin tattara shara da sarrafa ta. Ba mu ƙi a rufe juji ba, wanda yake shaƙar hayaƙin ya fi kowa son a rufe. Haka ba mu yi jayayya ba da aka hana kwanon abinci na soso a Janairun 2024, ko da aka soma aiwatar da hana wasu robobin amfani-ɗaya a Yulin 2025, domin ko ɗan bola bai cika damuwa da su ba, a kwata suke ƙarewa. Tambayarmu ita ce, mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kan jujin nan, ina za su? Idan shara ta zama dukiya, sai a kori wanda ya riƙe ta lokacin da take ƙazanta?

Tsarin mulkin 1999 bai bar mu a duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, na 44 ya hana a ƙwace dukiyarsa sai ta hanyar da doka ta tsara, na 36 kuma ya ce a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Kura dukiya ce, ko da ta katako da tsohuwar taya ce. Sashe na 20 da ya ɗora wa hukuma kare muhalli bai soke ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da muke nema a fili yake. A yi wa duk mai sana'ar rajista a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a ba shi kati da lamba a jikin kurarsa, ta yadda in an yi ɓarna za a san wanda za a nema. A fitar da masu sayen ƙarfe da roba daga cikin haramcin 2018. Duk kayan da aka kama a ba da takarda mai ɗauke da sunan jami'i. Sannan kafin a rufe kowane juji a zauna da wakilan masu aiki a kansa, a rubuce a ce ga guraben da aka ware musu a sabbin wuraren tace shara.

Ku kuma 'yan'uwa masu sikeli da shugabannin sansanoni, don Allah kowa ya buɗe littafi ya riƙa rubuta sunan wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo, a daina ƙona waya a bayan ɗakunan kwana don ciro jan ƙarfe, huhun yaranmu ne ke biya. Wanda bai yi katin zama ɗan Legas na LASRRA ba ya je ya yi. Duk wanda aka ƙwace wa kura ko kaya kuma ya zo ofishin ƙungiya ya ba sakatare rana da wuri da abin da aka ɗauka, da sunan mutum biyu da suka gani, domin da su za mu haɗa takardar koken da za mu kai majalisar dokoki a Alausa.