In an ɗaura aure, wa zai ajiye sana'arsa?

Akwai wani tsohon fim na Amurka mai suna Mother Wore Tights da ya fito a 1947. Betty Grable da Dan Dailey ne suka fito a matsayin mata da miji masu sana'ar rawa da waƙa a dandali. Da haihuwa ta zo, matar ce ta koma gida, mijin ya ci gaba da yawon wasa. Daga baya ta koma bakin aiki, sai ga babbar 'yarsu ta taso tana jin kunyar ƙawayenta su san abin da iyayenta ke yi.

Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne. A Kannywood, jaruma tana yin aure sai ta daina fitowa a fim, shi kuwa jarumi ko mata huɗu ya ajiye ba mai ce masa uffan. Ku tuna Sani Danja da Mansura Isah, waɗanda suka yi aure a 2007. Dukkansu sun yi tashe a finafinan rawa da waƙa. Shi ya ci gaba da fitowa, ita ta koma gefe, sai daga baya ta dawo a matsayin furodusa, har ta shirya Fanan a 2021.

Wani zai ce, "Haba, ai rawa ce! Wane namiji ne zai bar matarsa?" To, na ji. Harkar fim tana da nata ce-ce-ku-ce, mu ajiye ta. Amma wannan hukunci shi ne yake biyo ƙawarmu mai HND a akanta ko kimiyyar gwaje-gwaje, wadda ba ta taɓa taka rawa ko a gidan biki ba. Ana gama walima, takardunta sun shige ƙasan akwati.

Mu 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun san kuɗin takardar nan. A Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni. Yarinyar da ta tsallake duk wannan, iyayenta suka sayar da masara suka turo ta Katsina, wallahi asara ce a ce karatunta ya ƙare ranar kai amarya. Kuma mu ne dai gobe za mu kai iyali asibiti muna neman mace ta duba su. Daga ina za ta fito?

Don haka, 'yan'uwa mata, ku yi maganar aiki tun kafin a yanka sadaki, a gaban manya, ba a hirar zaure kaɗai ba. Samari kuma, in ka san ba za ka bar ta ta yi aiki ba, faɗa mata yanzu. In kuwa ka yarda, to ka san akwai ranar da kai ne za ka riƙe yaro tana rubuta jarrabawa.

Ita ma ƙungiyarmu ta ɗalibai ta kai wa hukumar makaranta buƙatar ingantaccen wurin renon yara kusa da azuzuwa, domin masu goyo su daina zaɓi tsakanin lacca da jariri.